Wa Ya Ba Shi Maganin? Asalin Superman da Yadda Ƙarfinsa Ya Samu



Lokacin da mai gabatarwa ya karanta kan laccar nan, na ga wasu dattawa sun sunkuyar da kai suna murmushi. Na san abin da ke ransu: ƙato da furfurarsa zai cinye mana sa'a guda a kan mutumin da ke sa ɗan kamfai a saman wando. Ku yi mini uzuri, ku bari na fara da ɗan abin kunyar da ya same ni.

Ina ɗan shekara tara yayana ya shigo gida da wasu tsofaffin mujallun labarin zane da ya sayo wajen masu baza littattafan gwanjo a bakin titi. Bangonsu ya yage, takardar ta yi ja, tana warin ajiya. Ban iya karatun Turanci ba a lokacin, amma zane ba ya buƙatar tafinta. Kwana uku ina kallon wani mutum mai shuɗiyar riga da jan mayafi yana keta gajimare. A rana ta huɗu na saci jan ɗankwalin innata, na ƙulla a wuya, na hau katangar bayan gida na saki jiki. Abin da na fara ji shi ne ƙarar idon sawuna. Aka ɗauke ni sai gidan mai ɗori. Tsohon yana jan ƙafar, ina ihu, yayana na ba shi labarin abin da ya faru, har ya zaro mujallar daga aljihu ya nuna masa. Tsohon ya ɗaga ta kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To shi wannan Baturen wa ya ba shi maganin? Kuma mene ne makarinsa?"

Shekara arba'in da wani abu ke nan, ban ji wanda ya yi tambayar da ta fi wannan dacewa a kan Superman ba. A tunanin Bahaushe ƙarfi ba ya faɗowa haka kawai. Ɗan tauri da ke goga wuƙa a wuya ta lanƙwashe, ko gado ya yi ko wani ya ba shi ya sha. Kuma duk wanda ya san harkar zai gaya maka kowane asiri da lakaninsa, da abin da in an taɓa shi komai ya warware. Waɗannan tambayoyi biyu na mai ɗori su zan bi yau.

Wanda ya ba shi maganin dai wasu samari ne biyu 'yan birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka: Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane. Dukansu an haife su a 1914, dukansu 'ya'yan Yahudawa ne 'yan ci-rani. Iyayen Siegel daga Lituweniya suka zo. Shi kuwa Shuster a Toronto ta Kanada aka haife shi, yana wajen shekara goma iyayensa suka ƙaura zuwa Cleveland. A makarantar sakandare ta Glenville suka haɗu, kowannensu da tabarau, kowannensu mai jin nauyin shiga mutane. Shuster talauci ya sa har a bayan takardar liƙa wa bango da aka zubar yake zane, ga shi idonsa tun yana yaro ba shi da ƙarfi. A 1932 ɓarayi suka shiga shagon tufafin mahaifin Siegel, tsohon ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta buga, bai tashi ba. Ba ni da ikon shiga zuciyar mamaci na ce ga abin da ya sa ya yi kaza. Amma ku riƙe wannan a ranku: yaron da yana shekara goma sha bakwai aka yi wa ubansa fashi ya mutu, shi ne ya zo ya ƙago mutumin da harsashi ke dukan ƙirjinsa ya koma baya.

Abin mamaki, Superman na farko mugu ne. A farkon 1933 su biyun suka fitar da wani gajeren labari mai suna The Reign of the Superman a 'yar mujallar da suke bugawa da kansu. Wani masanin kimiyya ya tsinto wani fakiri a layin masu jiran abincin sadaka, ya ɗura masa wani haɗi, mutumin ya sami ikon karanta zukatan mutane da juya su, ya shiga neman mallake duniya. Da maganin ya sake shi sai ya koma layin da aka ɗauko shi. Layin sadakar nan ba ƙirƙira ba ne. Tattalin arzikin Amurka ya karye tun 1929, kuma a 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu iya aiki ba shi da abin yi.

Bari na ɗan ratse. A wannan shekara ta 1933 ce Rupert East ya shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai a Zariya, wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ku dubi Ganɗoki: shekara talatin kacal da cin ƙasar Hausa da yaƙi, sai ga marubuci ya fito da jarumin da ya gwabza da Turawa, ya wuce har ƙasashen aljanu yana ta cin nasara. Bello Kagara bai san da zaman Siegel ba, Siegel bai san da zaman Bello Kagara ba. Amma ciwo ɗaya ne ya sa su riƙe alƙalami. Wanda aka fi ƙarfi shi ya fi kowa iya mafarkin ƙarfi.

Samarin nan suka sauya shawara, suka mai da mugun jarumin kirki. Siegel da bakinsa ya ce Samson da Hercules ya tuna. Shuster kuwa ya ɗauko shigar ƙartin da ke ɗaga ƙarfe a wasannin nishaɗi na wancan zamani, masu matsattsun kaya da ɗan kamfai a sama. Kun ga ke nan dattawa, kamfan nan yana da asali: kamar warkin ɗan dambe ne, duk wanda ya gan shi a lokacin ya san ƙaƙƙarfa ne ya shigo fili. Shekara biyar suna yawo da labarin kamfani-kamfani ana mayar musu. Sai a 1938 kamfanin Detective Comics ya tashi fitar da sabuwar mujalla mai suna Action Comics, ana neman abin da za a cike shafuka da shi, edita Vin Sullivan ya karɓa. Shafi 13, dala goma-goma, dala 130 ke nan. A cikin wannan kuɗi har da haƙƙin mallakar jarumin gaba ɗaya. Za mu dawo kan wannan.

Fitowar farko tana ɗauke da kwanan watan Yuni 1938, farashinta santi 10, an buga kwafi 200,000. Ina so ku ga bangonta da idon zuci. Wani mutum mai jan mayafi ya ɗaga koriyar mota sama da kansa yana rotsa gabanta a jikin dutse. Taya ta fice tana gangarawa. A kusurwar ƙasa ta hagu wani mutum ya dafe kansa da hannu biyu, idanu a waje, yana gudun ceton rai. Babu wani rubutu a bangon da ya gaya maka mai mayafin nan mutumin kirki ne ko ɗan ta'adda. Sai ka biya santi goma ka buɗe.

Idan ka buɗe, asalinsa duka a shafi ɗaya aka gama shi. Wata duniya mai nisa ta tsufa za ta tarwatse, wani masani ya sa jaririnsa a ɗan ƙaramin kumbo ya harbo shi, wani mai mota ya tsince shi ya kai gidan marayu. Shi ke nan. Ba sunan duniyar, ba sunan uban. Sunan Krypton da sunayen iyayensa sai a 1939 suka bayyana a labarin da aka riƙa bugawa a jaridu, haka ma dattijo Kent da matarsa da suka riƙe shi a wannan shekarar suka shigo. Masu nazari da yawa sun lura cewa jaririn da iyaye suka sa a akwati suka saki don ya tsira daga halaka, wasu mutane daban suka rene shi, yana tuna wa mai karatu ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ba haɗa annabi da zanen yara nake yi ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne yaran da suka tashi a gidan Yahudawa da wannan ƙissa aka rene su, kuma ɗan ci-rani da ya baro ƙasar da ba zai sake komawa ba, ya sauya suna, ya saje da mutanen gari, ba sai an koya masa labarin Clark Kent, sunan da Superman ke sajewa da shi cikin mutane, ba. A gidansu yake kwana.

To wane irin ƙarfi ne da shi a 1938? Zai ba ku mamaki: ba ya tashi sama. Tsalle yake yi. Yana iya tsallen kashi ɗaya cikin takwas na mil, wajen mita 200 ke nan, yana haure bene mai hawa 20, yana tsere wa jirgin ƙasa, yana ɗaga abu mai nauyin gaske. Harsashin bindiga ba ya huda shi, amma an faɗa a fili cewa harsashin igwa zai iya. Wato dai babban ɗan tauri ne mai ƙarfin Barbushe, wanda Tarihin Kano ya ce da sanda yake kashe giwa ya ɗoro ta a ka ya yi tafiyar mil tara. Da Barbushe da Superman na 1938 za su kama kokawa, ni ban san wanda zan sa wa kuɗina ba.

Har hujjar kimiyya suka kawo a ƙasan shafin. Suka zana tururuwa da fara: ga tururuwa na ɗaukar abin da ya ninka nauyinta, ga fara na tsallen da ya ninka tsawonta, to me zai hana mutumin da jinsinsa ya riga namu ci gaba ya yi haka? Hujjar tana da daɗin ji, amma ɗaliban kimiyya da ke nan sun san inda ta karye. Ƙarfin tsoka yana bin kaurinta ne, nauyin jiki kuwa yana bin girman jikin duka. In ka ninka halitta sau biyu ta kowace fuska, ƙarfinta zai ninku sau huɗu, nauyinta kuwa sau takwas. Ƙanƙantar tururuwa ita ce sirrinta. Da za ta kai girman sa, da ƙafafunta ba za su ɗauke ta ba. Daga baya marubutan suka bar maganar ƙwari, suka ce ai Krypton ta fi duniyarmu ƙarfin jan abu zuwa ƙasa, don haka wanda aka halitta domin can, in ya zo nan komai sakayau yake jin sa.

Su wa yake yaƙa da wannan ƙarfi? Nan ne na fi son Superman, kuma nan ne aka fi mantawa da shi. A fitowar farko ya ɓalle ƙofar gidan gwamna cikin dare don ya ceci wata mata da za a zartar wa hukuncin kisa bisa kuskure. Ya sami wani yana jibgar matarsa ya maka shi da bango. Ya bi sawun mai ba ɗan majalisar dattawa cin hanci. A fitowa ta uku ya sa mai ramin haƙar ma'adinai ya ɗanɗani irin haɗarin da yake jefa leburorinsa a ciki. A ta takwas ya rushe ruɓaɓɓun gidajen wata unguwar talakawa don ya tilasta wa gwamnati ta gina sababbi, 'yan sanda na bin sa. Babu dodo daga sararin samaniya. Abokan gabarsa su ne mutanen da talakan Cleveland ke kwana yana tsine wa. A watan Fabrairun 1940, tun Amurka ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba, mujallar Look ta buga shafi biyu inda ya cafko Hitler da Stalin ya kai su gaban shari'a a Janeba. Jaridar dakarun SS ta Jamus ta mayar da martani da zagin Siegel a kan Yahudancinsa. A 1946 kuma shirinsa na rediyo ya yi jerin wasanni yana tona asirin ƙungiyar wariyar launin fata irin ta Ku Klux Klan.

Yanzu ku ga yadda ƙarfin ya riƙa ƙaruwa, kuma ku lura da masu ƙara shi. A watan Fabrairun 1940 aka fara wasan kwaikwayonsa a rediyo, Bud Collyer na yin muryarsa. A rediyo ba a ganin tsalle, amma ana jin kukan iska, don haka masu shirin suka sa shi shawagi. A 1941 kamfanin 'yan'uwan Fleischer ya fara yin katun ɗinsa na silima. Masu zanen suka gwada mutum yana tsalle yana dira yana sake tsalle, suka ga abin ya yi kama da kwaɗo, ga wahalar zanawa. Suka nemi izini a bar shi ya tashi kawai. Aka bari, mujallar ma ta bi sahu. Wato abin da ya sa na hau katanga na gurɗe ƙafa, asalinsa gajiyar wasu masu zane ce a Amurka. Idon da ke ganin abin da ke bayan bango ya shigo tun 1939, sai dai ba ya keta dalma. Sai jin motsi daga nesa, sai numfashi mai daskarar da ruwa, sai wuta daga ido. Kowane marubuci ya zo sai ya ɗora nasa, domin in jarumi ya ɗaga mota a wannan wata, wata mai zuwa dole ya ɗaga jirgin ruwa, in ba haka ba yaro ba zai sake fitar da santi gomansa ba.

A zamanin edita Mort Weisinger abin ya wuce gona da iri. Wajen 1960 aka kawo sabon bayani: ranar Krypton ja ce, tamu kuwa rawaya, jikinsa yana zuƙar haskenta ne kamar yadda farantin sola ke yi. Hausawa sun ce kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba; shi wannan gautan da ya sha rana har duniyoyi ya riƙa ja da sarƙa, yana ratsa zamani ya koma jiya, atishawa ɗaya ya tarwatsa taurari. To ina tambayar ku, marubutan da ke zauren nan: mutumin da ke jan duniya da sarƙa, wane ɓarawon banki za ka haɗa shi da shi mai karatu ya ji gabansa ya faɗi? Labari yana rayuwa ne a kan "anya kuwa zai tsira?" In amsar a bayyane take tun shafin farko, sai hamma.

Nan tambayar mai ɗori ta biyu ta shigo. Makarin shi ne kiriftonait, ɓaraguzan duniyarsa ta haihuwa da suka faɗo nan. A rediyo ya fara bayyana a 1943, sai a 1949 ya shiga mujalla. Koren yana karya masa jiki har ya kashe shi in ya daɗe kusa da shi. Jan yana jirkita shi na ɗan lokaci, ya fito da wata siffa ko wani hali. Mai ruwan zinariya yana zare ƙarfin har abada. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau da aka taɓa ƙara wa labarin, domin ba takobin maƙiyi ba ne, ƙasar gidansu ce. Mutumin da babu abin da ke cin sa a baƙuwar ƙasa, ɗan dutse daga mahaifarsa ke durƙusar da shi. Duk wanda ya yi suna a birni, sannan wani tsoho daga ƙauyensu ya kira shi da sunan yarinta a gaban jama'a, ya san wannan dutse.

Ba shi kaɗai ba ne makarin. Sihiri yana kama Superman kamar yadda yake kama kowa. Da mai ɗorinmu ya ji wannan da ya gyaɗa kai. Akwai wani ɗan tsurut mai kama da aljani da aka shigo da shi a 1944, Mister Mxyzptlk, wanda duka ba ya yi masa komai, sai an yi masa wayo ya faɗi sunansa a juye sannan ya ɓace. A nan ƙarfi ba ya aiki, sai dabarar Gizo. Jar rana ma tana mayar da shi mutum kamar ni da ku. A 1978 aka fitar da wata babbar mujalla, zanen Neal Adams, inda aka haɗa shi dambe da Muhammad Ali a ƙarƙashin hasken jar rana. Ali ya lakaɗa masa duka har aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Na tabbata a nan zauren ba wanda zai yi jayayya da wannan hukunci.

Amma shi ma makarin sai da aka ɓata shi da yawa. Aka wayi gari kowane ɗan daba a labarin yana da ɗan ƙullinsa na kiriftonait a aljihu, kamar goro. A 1971 marubuci Dennis O'Neil ya sa duk wanda ke duniya ya rikiɗe ya zama baƙin ƙarfe, ya kuma rage wa jarumin ƙarfi. Ba a daɗe ba aka koma gidan jiya. A 1986 John Byrne ya sake ginin labarin daga tushe: ya rage ƙarfin sosai, ya bar dattijo Kent da matarsa a raye, ya mai da Clark Kent shi ne mutumin na gaskiya, jan mayafin kuwa kayan aiki. Lex Luthor, babban abokin gabarsa, wanda tun 1940 mahaukacin masanin kimiyya ne, ya koma hamshaƙin attajiri da doka ba ta iya taɓawa. Ni ina ganin wannan ya fi kowane dutse zama makari, domin ƙarfin damtse ba ya kama mutumin da takardunsa suka cika. A ƙarshen 1992 kuma suka kashe shi ɗungurungum a hannun wani dodo mai suna Doomsday, mutane suka yi layi a shaguna, aka sayar da miliyoyin kwafi, kafin shekara ta zagayo ya dawo da ransa.

Na yi alkawarin komawa kan dala 130. Siegel da Shuster sun ci gaba da yi wa kamfanin aiki, kuma a shekarun farko an biya su albashi mai kyau, kada na zalunci kowa. Amma jarumin yana kawo miliyoyi ta rediyo da silima da kayan wasan yara, su kuwa ba su da ko ƙwayar zarra a mallakarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1947 suka kai ƙara. Kotu ta ce Superman na kamfani ne. Aka sasanta a 1948, aka ba su wani abu, aka sallame su, aka kuma cire sunayensu daga mujallar. Siegel ya dawo a 1959 yana rubuta labaran jarumin da ya haifa ba tare da an sa sunansa ba, daga baya ya koma ƙaramin akawu a Kalifoniya. Shuster idonsa ya ci gaba da mutuwa har zane ya gagare shi, ya koma aikin kai saƙo a New York. Mutumin da ya zana idon da ke keta bango bai iya ganin layin da ke kan takardarsa.

A 1975, da labari ya fita cewa za a kashe maƙudan kuɗi a yi fim ɗin Superman, Siegel ya rubuta wa 'yan jarida doguwar takardar koke. Abokan sana'arsu, Neal Adams da Jerry Robinson, suka tsaya musu, suka yi ta yawo gidajen talabijin. A watan Disamba na wannan shekara kamfanin Warner, mai mallakar Superman a lokacin, ya amince zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 duk shekara har ƙarshen ransa, da kuɗin magani, a kuma mayar da sunayensu. Da fim ɗin da Christopher Reeve ya taka rawar Superman ya fito a 1978, sunayen biyu suka bayyana a allon silima, shekara talatin bayan an goge su. Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996.

Cakin da aka biya su da shi a 1938, wanda kuɗin Superman ke cikinsa, an yi gwanjonsa a 2012 a kan dala 160,000. Kwafi ɗaya na mujallar nan ta santi goma, mai koriyar mota a bango, an sayar da shi a 2024 a kan dala miliyan 6.

Shugaban zama, na ga kana duban agogo. Wanda ke da tambaya ga fili, in dai ba a kan ƙafata ba ce. Ta warke tuni, sai dai in hunturu ya kama takan tuna mini.